Ranar da Aka Gurfanar da Kaset a Zauren Dagaci

Da na gama kwalejin horon malamai, aka turo ni firamaren ƙauyenmu da ke yankin Ruwan Bago, aka ba ni aji huɗu. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Ina da keke, ina da wando biyu masu karin guga, ga kuma wani ji da kai da ban san inda na tsinto shi ba, don a gidanmu dai ba a gaje shi ba. Mahaifina manomi ne mai ƙarancin magana. Gyaɗar da ya noma ce ta kai ni makaranta, kuma ranar da na fara shiga aji da alli a hannu, sai da ya bar gona ya zo ya tsaya daga nesa, ya kalle ni ta taga, ya koma gona.

Ranar Asabar kuwa wata sana'a nake yi. Nakan hau kekena in tafi Karaye, wurin wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi ya buɗe gidan bidiyo a wani shago mai rufin kwano. Yana da talabijin ɗaya da janareta mai tari, da bencuna da suka sha wuya. Bayan azahar ake farawa, a tashi kafin magariba. Matsalarsa ita ce mutanen da ke cikin kaset ɗin Turanci suke yi, masu kallo kuma Hausa suke ji, don haka ya ajiye mini kujera a gefen talabijin, ina mayar da magana.

Yanzu da gemuna ya yi fari zan iya faɗin gaskiya. Turancin da na koya na littafi ne, mai tafiya a hankali. Na cikin fim kuwa ta hanci yake fitowa, a guje. Rabi nake kamawa, sauran rabin in cike da abin da na ga ya dace da fuskar mai maganar. Abin da ya rufa mini asiri shi ne murya. Ba na cewa "ya ce zai kashe shi." Sai in maƙe murya in ce, "Yau sai na kashe ka!" In mace ce in sirantar da murya, in tsoho ne in sa ta rawa. Mutane suna son haka ƙwarai, har wasu sun fi kallona a kan talabijin ɗin, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Wata Asabar cikin damina, bayan an gama noman fari, direban ya kawo sabon kaset daga Kano. Labarin wani kumbo ne mai girman tsauni da ya sauka a wani fili a ƙasar Turawa. Wasu halittu uku suka fito daga ciki, dogaye, sirara, fatarsu kamar toka. Suna ɗauke da wani ɗan akwati, in sun yi gurnaninsu sai akwatin ya mayar da shi Turanci. To shi akwatin nan, Allah ya yi shi mai magana dalla-dalla, kamar hedimastanmu yana karanta sanarwa. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa jin Turanci tsaf irin na ranar ba. Daɗi ya kama ni. Da babbansu ya tsaya gaban shugabannin mutane, sai na miƙe daga kujerata, na buɗe ƙirji, na yi murya mai kauri, na ce, "Mu muka yi ku! Mu muka ƙera kakanninku na farko, muka ajiye su a nan. Yanzu mun dawo, kuma za mu shafe ku gaba ɗaya!"

Shagon ya yi tsit. Na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu baki. Ban lura ba cewa a bakin ƙofa akwai wani mutum da ya raɓe yana jiran ruwa ya ɗauke, da ƙullin gishiri a hannu. Kawuna ne, ɗan'uwan mahaifiyata na nesa, wanda gidansa ke bayan namu. Bai taɓa kallon fim ba a rayuwarsa, kuma daga inda yake tsaye ba ya ganin talabijin. Ni kaɗai yake gani, a tsaye, ina dukan ƙirji ina cewa ni na yi mutane.

A ƙauyenmu ba a yi wa mutum faɗa a fuska. Ranar Litinin yara biyar ba su zo ba. Ranar Laraba rabin ajin babu. Kafin mako ya zagayo, saura yara huɗu, biyu daga cikinsu kuma 'ya'yan hedimasta ne. Na bi gida-gida. Ko'ina aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, aka tambaye ni gajiya da aiki da ruwan sama da mutanen gida, sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan a ce, "Ai yaron yana gona, Malam, ka san noman maimai ya matso." Yarinyar da na gani da idona tana leƙena ta bayan danga, ita ma aka ce tana gona. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo, don zagi ana iya mayar da shi, amma ban san yadda ake mayar da ruwan sha ba.

Hedimasta ne ya fasa mini ƙwan. Ya ce magana ta zagaya cewa malamin aji huɗu yana tsayawa a Karaye yana shelar cewa ba Allah ne ya halicci mutane ba. Ya ce shi ya san ni, amma ni sabon ma'aikaci ne da ba a tabbatar da shi ba, in masu duba makarantu suka zo suka tarar da bencunan ajina babu kowa, ba zai iya rufa mini ba. Ya ba ni mako biyu.

Da na bi sawun maganar, na gano daga bakin Kawu ta fito. Na tafi wurinsa raina a ɓace, na same shi yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, don ko fushi nake yi kawuna ne, sannan na ce, "Kawu, ba ni na faɗa ba. Na cikin fim ɗin ne ya faɗa, ni mayarwa kawai na yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da bakin wa maganar ta fito?"

Na ce, "Da nawa, amma..."

Ya ce, "To ni bakinka na gani. Na ji da kunnena ka ce kai ka yi mu. Ni ban ga wani na ciki ba. Mutum ba ya faɗin abu da irin wannan ƙarfin in ba daga zuciyarsa ya fito ba."

Na dawo gida ina huci. Mahaifina ya saurare ni har na gama, ya ɗauki hularsa, ya fita. Daga baya na ji gidan dagaci ya tafi. Mutumin da bai taɓa kai ƙarar kowa ba, ranar nan ya je ya kai ƙarar ɗansa, ya ce a bincike ni a gaban jama'a, in na yi a hukunta ni, in ban yi ba a wanke ni.

Dagacinmu tsoho ne da ya gaji sarautar, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: ba ya yanke hukunci a kan wanda ba ya wurin. Ko akuya ce ta yi ɓarna, sai an jawo ta an ɗaure a ƙofar zaure kafin ya buɗe baki. Da aka kira ni na yi bayani, sai ya ce, "Ka ce akwai wani da ya yi maganar kafin kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai."

Ya ce, "To a kawo shi."

Haka aka yi. Ranar Alhamis da hantsi sai ga a-kori-kura ta shigo gari ɗauke da talabijin da bidiyo da janareta, direban yana rungume da kaset ɗin kamar jariri. Aka jera kayan a zauren dagaci, aka rataya tabarmi a ƙofa don a rage haske. Dagaci yana kan buzunsa, liman a damansa da carbi, dattawa sun jeru a jikin bango, Kawu a gefe guda a matsayin mai shaida, mahaifina can kusa da ƙofa. Ni kuma na cire takalmi na durƙusa kusa da talabijin. Wannan karon ban yi murya mai kauri ba.

Da kumbon ya sauka, wani dattijo ya yi salati. Da halittun suka fito, wani ya ce wannan yunwa ce ta kama su, dubi haƙarƙari. Aka zo wurin maganar, na mayar da ita a sanyaye, ina kallon ƙasa. Liman kuwa carbinsa kawai yake ja. Daga nan fim ya ci gaba zuwa inda ban ma kai hankalina ba a karon farko. Wata likita, mace mai farin gashi, ta matso gaban babban halittun ta tambaye shi dalili. Ta ce in har ku kuka yi mu, me muka yi muku? Halittar ta kau da kai, ta juya mata baya, ta nufi cikin kumbo.

Dagaci ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya." Direban ya danna, hoton ya daskare. Dagaci ya juyo gare ni. "Me ya ce mata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai ce komai ba."

"A gaba zai faɗa?"

"Har ƙarshe bai faɗa ba."

Ran dagaci ya ɓaci, ba da ni ba, da halittar. Ya ce shekara talatin yana zaman shari'a, bai taɓa ganin rigimar da ba ta da mafari ba. Ko mutum ya mari ɗan'uwansa a kasuwa, in ka bi a hankali za ka tarar da wata tsohuwar iyakar gona a ƙarƙashi. Ya ce ba za a wuce nan ba sai an san me ya haɗa su. Ni da na zo a wanke ni, sai na ga an manta da ni, an koma shari'ar mutanen sama.

Sarkin pawa ne ya fara. Ya ce abin a fili yake, kiwo ne. Ka sayi ɗan rago, ka ba wani ya riƙe maka a ƙauye, in ya yi ƙiba ka dawo. Wani ya ce masa ai ba su ce za su ci mu ba, shafewa suka ce, wa ke yanka rago ya zubar? Sarkin pawa ya ce wa ya san abin da ke cikin kumbon, wataƙila akwai tukunya. Aka yi dariya. Wani tsoho da 'ya'yansa suka tafi birni suka daina aiko da ko gaisuwa ya ce shi ya gane zafin: ka yi abu, ya girma, ya manta da kai. Aka ce masa to kai ka taɓa tunanin kashe naka? Ya ce a'a, amma ya taɓa tunanin rufe musu ƙofa. Maganar ta yi ta yawo, kowa yana jawo ta wajen abin da ya dame shi. Ni a raina na ɗauka tsoro ne, sun ga mutane sun fara ƙera nasu kumbon, amma wanda ake tuhuma ba ya sa baki.

Duk wannan Kawu yana zaune ya haɗe rai, idonsa a kan hoton da ya daskare, inda halittar ta juya baya. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ba ƙiyayya ba ce. Wanda yake ƙin ka yana kallonka. Wannan kasa kallonta ya yi."

Dagaci ya ce, "Muna jin ka."

Kowa a zauren ya san abin da ya faru da Kawu shekarun baya, ko da yake ba a tayar da zancen. A wata damina ciwon nan da ke murɗe ganyen gyaɗa ya mayar da shi ruwan ɗorawa ya fara bayyana a gonarsa, tun bai kai gonakin maƙwabta ba. Babu wanda ya sa shi. Ya shiga da kansa ya tuge gonar gaba ɗaya, har kunyoyin da ba su nuna alama ba, ya tara ya ƙone. Wannan shekarar gidansa da taimakon dangi suka kai kaka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na tuge gyaɗata, ba na kallon abin da nake tugewa. Gefe nake kallo, hannu yana aiki. In na duba ba zan iya ba." Ya nuna talabijin da haɓa. "Shi ma haka ne. Ku sa kanku a wurinsa mana. Ni na yi su. Ni na zaɓi irin, ni na ajiye su a wuri mai kyau, na tafi. Na dawo na tarar ciwo ya shige su, suna kashe juna, ga shi har sun fara neman hanyar hawa sama. Ina da maƙwabta a can. In bar su su kai musu? Ni na yi su, ni ya kamata in tuge su, ba wani ba. Kuma wata ta zo ta tsaya gabana tana tambayata dalili, me zan ce mata? Ni da na yi su da hannuna!"

Ya faɗi wannan a tsaye. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Muryarsa ta yi kauri, yana bugun ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Zauren ya yi tsit irin na shagon Karaye. Na gane abin da ya faru nan take, amma na cije leɓe, don ba a bakina ya kamata ta fito ba.

Liman ne ya ɗaga carbinsa a hankali, ya riƙe 'ya'ya uku tsakanin yatsu. Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, tun ɗazu nake ƙirga maka. Sau uku ka ce kai ka yi mutane, a gabana, a gaban dagaci. Yaron nan sau ɗaya aka ce ya faɗa."

Kawu ya buɗe baki. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba ni ba ne, wancan nake..." Sai ya tsaya. Ya dubi talabijin, ya dube ni, ya koma ya zauna a hankali, ya ja hularsa ta rufe masa goshi. Dariyar da aka yi a zauren nan har matan cikin gida sai da suka aiko a ji ko lafiya. Dagaci kansa yana share hawaye da gefen rawani. Na saci kallon mahaifina. Bai yi dariya da ƙarfi ba, amma kafaɗunsa suna rawa, kuma ni wannan ya ishe ni. Daɗin da na ji a wannan lokacin, ban ji irinsa ba ko ranar da aka ba ni takardar gama kwaleji.

Da aka natsu, liman ya yi magana ta hankali. Ya ce abin da yake buƙatar jirgi kafin ya zo, yake numfashi, yake ramewa, shi kansa halitta ne, ba ya halittar kowa, kuma yaron goye ma ya san Wanda ya yi sama da ƙasa. Ya ce fim ɗin ƙarya ce irin ta tatsuniya, kuma mai mayar da maganar wani ba shi ne mai ita ba. Amma ya juyo ya ja mini kunne sosai. Ya ce akwai maganar da ko aro ka yi ta, ba a miƙewa tsaye a buga ƙirji a kanta, kuma gaskiyarsa ne. Dagaci ya yanke cewa daga ranar, duk abin da zan mayar sai na fara da cewa wane ne ya faɗa, kuma a sanar a gari cewa an bincike ni ba a same ni da laifi ba. Sannan ya gyara zama ya ce a ci gaba, yana so ya ga yadda za a ƙare. Direban ya danna, janareta ya yi tari biyu ya mutu. Duk tsawon shari'ar yana aiki a waje, man ya ƙare, kuma babu mai a garin. Dattawa suka tashi suna tsaki.

Kawu bai bari mun haɗa ido ba, ya fice. Juma'a ma ban gan shi ba sai daga nesa a masallaci. Na san an wanke ni a zaure, amma ban sani ba ko wankin zai kai aji, don sanarwar dagaci daban, abin da mutum zai yi da ɗansa daban.

Ranar Litinin na zo da wuri, na share ajin da kaina, na tsaya a bakin ƙofa. Yaran nan huɗu suka zo. Aka buga ƙararrawa. Sai na hango shi a kan hanyar gona, da fartanya a kafaɗa, 'ya'yansa uku a gaba, bayansa kuma yaran unguwa gaba ɗaya, yana kora su kamar mai kai awaki rafi. Ashe tun asuba ya bi gidajen da ya kai maganar, ɗaya bayan ɗaya, ya karɓo su.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, bai rage ko ɗaya ba. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba, kawu ba ya ba ɗa haƙuri da baki. Yara suna ta shiga, sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Malam." Ranar ce ya fara kirana haka. "A ƙarshen, sun tuge su?"

Na ce, "Ba su tuge ba, Kawu. Kwana bakwai suka yi, suka shiga kumbonsu suka tafi."

"Ba su faɗi dalili ba?"

"Ba su faɗa ba."

Ya kalli cikin ajin, inda yara ke ture juna a kan benci. Ya ce, "To sun duba ke nan. Sun daure sun duba, sun ga akwai masu lafiya a ciki." Ya gyara fartanyarsa, ya juya ya kama hanyar gona.

Na shiga na buɗe rajista. Da gangan na ɗaga murya yadda za ta kai bakin hanya, na fara kiran suna tun daga na farko, kuma duk sunan da na kira sai da aka amsa.